Shogilas na bango don ajiye jita: a toshe shi ruf ko a bar wa iska hanya?

MaiTsirkiyaShida:
Assalamu alaikum. Ina da jita guda uku, biyu na lantarki da ɗaya mai ƙoƙon katako, kuma na gaji da jingine su a kusurwar ɗaki inda ƙura take lulluɓe su, yara kuma suna giftawa ta gabansu a guje. Na ƙuduri aniyar haɗa musu shogilas na katako da hannuna, mai ƙofar gilashi, wanda zan kafa a jikin bango. Ina da zarto da injin huda da matsa guda huɗu, kuma na taɓa haɗa kantar littattafai, saboda haka ba baƙo ba ne ni ga aikin gaba ɗaya. Abin da ya tsaya mini shi ne ko ya kamata in toshe shi ruf yadda iska ba za ta shiga ba, ko kuwa in bar masa 'yan kafofi. A ganina toshewa ta fi, tunda ƙura ce ta kore ni daga kusurwa, amma ina son jin ta bakin waɗanda suka riga ni.

TsohonKafinta:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin mu kai ga maganar iska, ina ba ka shawara ka janye tunanin zuba ukun a gida ɗaya. Ka ɗauki abin awo ka duba. Babbar jita mai ƙoƙo tana kai wa santimita 104 a tsawo, 40 a faɗin ƙugu, 12 a kauri, don haka cikin gidanta bai kamata ya gaza 115 da 50 da 18 ba. Idan ka jera uku, faɗin zai kai santimita 150. Gilashi mai kaurin milimita 4 yana da nauyin kilo 10 a kowace murabba'in mita, wato ƙofofin kaɗai za su kai kilo 17, kafin a zo ga katakon gefe da na baya da su kansu jitocin. Za ka wayi gari da abin da ya haura kilo 40 a rataye a saman inda yaran da ka ambata suke wasa. Ka yi uku daban-daban. Na farko zai koya maka kurakuranka, na biyu da na uku su fito da kyau.

Zarto45:
Na goyi bayan Baba TsohonKafinta. Ƙari a kan haka, hanyar kafawa da na fi amincewa da ita ita ce a tsaga katako ɗaya gida biyu a tsawonsa, da zarton a karkace a kan digiri 45. Rabi ɗaya a ɗaure shi a bango bakinsa yana kallon sama, ɗaya rabin a ɗaure shi a bayan shogilas bakinsa yana kallon ƙasa, sai a ɗora wannan a kan wancan su cije juna. Nauyin yana bazuwa a tsawon katakon maimakon ya taru a kan sukuru biyu, kuma mutum ɗaya zai iya ɗagawa ya sauke.

Injiniya_Gini:
Hanyar da Zarto45 ya kawo tana da kyau, amma ƙarfinta bai wuce ƙarfin abin da aka ɗaure ta a kai ba. Idan bangon na bulo ne ko kankare, sai an huda an cusa robar da ke riƙe sukuru, kuma ramin ya wuce filasta ya shiga cikin bulon sosai, domin filasta ba ta ɗaukar kaya. Idan kuwa irin bangon nan ne na allon jifsam da ake kafawa a kan sandunan katako, kamar yadda ake gini a Amurka, dole ne sukurun ya sami sandar, kuma a can yawanci inci 16 ne tsakanin sanda da sanda, kimanin santimita 40. Akwai kuma abin da mutane suke mantawa: duk lokacin da aka buɗe ƙofa, nauyinta yana komawa gaba da gefe guda, sai shogilas ɗin ya nemi karkacewa ko ya ɗaga daga mazauninsa. A sa sukuru ɗaya ko biyu ta ƙasa, ta cikin allon baya zuwa bango, da ɗan katako a tsakani mai kauri daidai da na sama, domin ya zauna cif.

HajiyaMaiKida:
Duk kun tafi wajen bango kun bar tambayar da aka yi. Malam MaiTsirkiyaShida, ni ba kafinta ba ce, amma na shekara da shekaru ina koyar da kaɗa jita, kuma abin da na gani yana kashe jita mai ƙoƙo ba faɗuwa ba ce, bushewa ce. Manyan kamfanonin da ke ƙera ta, irin su Martin da Taylor, suna ba da shawarar a ajiye ta inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Fuskarta siririn katako ne da bai kai milimita 3 sosai ba, an manne shi a kan sanduna ta ciki, saboda haka idan iska ta bushe yana son ya tsuke amma babu hali, sai ya tsage, galibi daga bayan jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi suke zama a kansa a fuskar, zuwa ƙasa. Kafin ta tsage tana ba da alama: fuskar tana lotsawa, tsirkiyoyi suna fara zuza, kuma idan ka shafa gefen wuya za ka ji bakin ƙarafan nan da aka jera a gicciye a kan wuyan suna karce maka hannu domin katakon ya janye ya bar su. Shogilas mai kafofi ba zai hana wannan ba, tunda iskar ɗakin ce a cikinsa. Ni ina bayan toshewa, amma da sharaɗin a sa ma'aunin laima a ciki, a inda ido zai riƙa ganinsa.

MaiGyaranJita:
Hajiya ta faɗi gaskiya game da bushewa, sai dai ina so in nuna ɗaya gefen, domin a teburina ake kawo waɗanda toshewa ta lalata. An taɓa kawo mini wata tsohuwar jita da mai ita ya rufe a akwati na tsawon shekaru. Da na buɗe, wani wari mai yaji ne ya fara bugun hancina. Farantin da ke kare fuskarta daga karce ya yi tsaga-tsaga kamar busasshen tabo, duk wani ƙarfe da ke kusa da shi ya yi kore, tsirkiyoyin kuma sun yi tsatsa a daidai wurin kaɗai, sauran tsawonsu lafiya lau. Irin wannan farantin da seluloyid, wani tsohon nau'in roba, ake yinsa a da, kuma idan ya tsufa yana fitar da tururi mai asid. A sarari tururin yana bin iska, a rufe kuwa yana taruwa ya ci ƙarfe da fenti.

Ko jitar sabuwa ce, shi kansa shogilas ɗin yana fitar da nasa. Katakon oak yana fitar da asid irin na ruwan tsami, shi ya sa masu kula da gidajen adana kayan tarihi suke guje masa wajen ajiye ƙarfe. Allon MDF, wato na garin katako, yana fitar da sinadarin gam ɗin da aka matse shi da shi. Silikon da wasu suke liƙe gilashi da shi, mai warin nan mai tsami, shi ma asid yake saki yayin da yake bushewa. Idan ka toshe ruf, duk waɗannan jitarka ce za ta shaƙe su. Ban ce a huda shi kamar rariya ba, amma wanda ya ce zai toshe, to ya san da me ya gina shi.

Zarto45:
To, Malam MaiGyaranJita, wane katako ka amince da shi ke nan?

MaiGyaranJita:
Don gefuna, maɗaci ko mapul ko walnat duk suna yi, in dai sun bushe sarai. Don baya, filawud mai kyau, wato siraran fallayen katakon nan da ake mannewa a gicciye, mai kaurin milimita 12 aƙalla tunda a jikinsa maratayin zai zauna. A shafe ciki da banish mai narkewa a ruwa ko shalak, sannan a bar ƙofar a buɗe makonni, har sai ka cusa kanka ciki ba ka ji warin komai ba. Gaggawar saka jita washegarin fenti ita ce ta fi cutar da mutane.

TsohonKafinta:
Ina ƙara jaddada maganar filawud a baya. Katako tsantsa ba ya tsawo ko gajarta a bin tsawonsa, amma a faɗinsa yana kumbura da damina ya tsuke da rani, kuma a kan faɗin santimita 50 motsin yana iya kai wa milimita da yawa. Idan ka manne shi a cikin firam ta kowane gefe, ɗaya daga biyu zai faru: ko ya tsage, ko ya ɓalle kusurwoyin. Filawud ba ya wannan motsi. A yanka masa gurbi a bayan gefunan, a zaunar da shi da gam da sukuru, shi zai riƙe shogilas ɗin kada ya murɗe.

Game da kusurwa kuma, na san kowa yana sha'awar yankan digiri 45 domin yana ɓoye bakin katako. Amma baki da baki ne ake mannewa, kuma bakin katako yana shanye gam kamar yashi. Bayan gam ya kama, a yanka tsaga biyu ko uku a gicciye a kan kusurwar, a cusa siririn katako da gam, a aske abin da ya fito. Idan aka yi amfani da katako mai wani launi daban, sai ya zama ado. Kafin gam ya bushe, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. Muddin awon bai zo ɗaya ba, ƙofa ba za ta taɓa zama daidai ba, komai yawan fama da hinji.

Dalibin_Bas:
Ina neman afuwa idan na kauce kaɗan. Ni abin da yake damuna shi ne ratayewar kanta. An ce mini idan jita ta daɗe a rataye ta wuya, nauyinta yana miƙar da wuyan ko ya raunana mahaɗarsa. Shin ba gara a yi mata mazauni ta ƙasa ba?

MaiGyaranJita:
Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka. Tsirkiyoyin ƙarfe shida na jita mai ƙoƙo suna jan wuyanta da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 70, dare da rana, ita kuwa gaba ɗayanta kilo 2 ce ko sama da haka kaɗan. Ta lantarki irin Stratocaster tana kai wa kilo 3 da rabi, Les Paul kuma 4 ko fiye. Wuyan da yake jure wancan ja ba zai ji wannan ba, balle ma nauyin yana ja ne ta kishiyar inda tsirkiya take ja. Haɗarin ratayewa yana wajen abin da aka naɗe maratayin da shi. Kamfanonin Gibson da Martin suna shafe yawancin jitocinsu da fentin naitiroselulos, wanda ba ya jituwa da leda da wasu nau'o'in roba da soso. Idan suka daɗe suna taɓa juna, fentin yana laushi ya narke, sai ka ɗauke jitarka ka tarar da baƙin tabo biyu a ƙasan kai, tabon da ba ya goguwa. A naɗe maratayin da farin ƙyallen auduga. Jitocin da aka shafa wa fentin foliyuritan ba su cika damuwa da wannan ba, amma ƙyalle ba ya cutar da kowa.

Na_Bayan_Fage:
Wannan ya faru da ni, kuma ba a wuya ba, a baya. Na shimfiɗa wani jan yadi mai kama da karan-miski a allon baya, na manne shi da gam na fesawa, ban san bayan yadin roba ba ne. Jitar fara ce, kuma gindinta yana ɗan taɓa allon. Bayan wata huɗu na sauke ta zan canza tsirkiya, sai na ga jan tabo mai faɗin tafin yaro a bayanta, har da zanen saƙar yadin a cikin fentin. Na goge da duk abin da na sani, ya ƙi fita. Wanda ya sayar mini da yadin ya rantse auduga ce. Yanzu na sa ɗan guntun toshiyar kwalba da aka naɗe da auduga a inda gindin yake taɓawa, sauran jikin kuma ba ya taɓa komai.

Zarto45:
Allah ya kiyaye gaba. Wannan ya tuna mini da zurfin shogilas, wanda Baba ya ce santimita 18. Ga ta lantarki mutum zai ga kamar ya yi yawa tunda jikinta siriri ne, amma kan Les Paul a karkace yake zuwa baya da kimanin digiri 17, kuma nan ne ya fi saurin karyewa. Dole maratayin ya fito gaba sosai yadda ƙarshen kan ba zai dunguri allo ba. A rataye jitar a jikin wani allo tukuna, a auna daga allon zuwa abin da ya fi fitowa gaba, a ƙara santimita 3, sannan a yanka katako. Haka kuma kan ta lantarki irin Telecaster siriri ne kuma ba daidai yake ta gefe biyu ba, saboda haka yana buƙatar maratayi mai juyawa, ita kuma jita mai tsirkiyar nailan wuyanta yana kai wa milimita 52 a sama, ba kowane maratayi yake shiga ba.

Injiniya_Gini:
Ba a tattauna gilashi ko akirilik ba, alhali an ambaci yara. Akirilik, wato robar nan mai kama da gilashi, bai kai rabin nauyin gilashi ba, ƙofar da za ta yi kusan kilo 6 da gilashi ba za ta kai kilo 3 da shi ba, kuma ba ya tarwatsewa. Aibinsa shi ne yana karcewa da wuri, yana jan ƙura idan aka goge shi da busasshen ƙyalle, kuma yana buɗewa da zafi fiye da gilashi nesa ba kusa ba, don haka sai an bar masa sararin milimita 2 ko 3 a cikin gurbinsa. Wanda ya nace wa gilashi, ya nemi wanda aka gasa, mai farfashewa ƙanana-ƙanana idan ya fashe. A tuna cewa ba a yanka shi bayan an gasa shi, saboda haka sai an gama ƙofar an auna kafin a ba da aikinsa.

HajiyaMaiKida:
Zan dawo da mu kan laima, domin Malam MaiGyaranJita bai rushe maganata ba, ya dai ƙara mata sharaɗi. Idan an zaɓi katako mai kyau, an bar fenti ya bushe, kuma jitar ba mai tsohon seluloyid ba ce, me ya rage da zai hana toshewa? Akwai 'yan fakitin nan da kamfanonin Boveda da D'Addario suke yi, waɗanda suke sakin laima idan iska ta bushe, su tsotse ta idan ta yi yawa, suna riƙe ta kusa da kashi 49. A rufaffen wuri suna watanni suna aiki. A wuri mai kafofi kuwa ɗakin gaba ɗaya suke ƙoƙarin jiƙawa, cikin ɗan lokaci sai su ƙandare. Sannan ina jan hankali a gwada ma'aunin laimar kafin a yarda da shi. A zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga masa ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe shi tare da ma'aunin a cikin leda ko mazubi mai murfi na kwana ɗaya. Ya kamata ya nuna kashi 75. Nawa na farko 68 ya nuna, wato duk tsawon lokacin da na yi ina dogara da shi ƙarya yake yi mini.

MaiGyaranJita:
Hajiya, ban ƙi ba, amma mutum nawa ne za su riƙa duba ma'auni kowane mako? Abin da nake gani shi ne a wata na farko ana dubawa kullum, daga nan sai shogilas ya zama kamar hoton bango. Idan damshi ya maƙale a ciki, musamman idan bangon na waje ne mai yin sanyi da jiƙewa, hunhuna za ta kama yadin da cikin ƙoƙon, gam ɗin jaki ya saki, babu wanda ya lura. Wanda yake kaɗa jitarsa kullum ba shi da wannan matsala, domin buɗe ƙofar da yake yi ya isa canjin iska. Tsorona yana kan wadda aka rufe don kallo kawai.

Dalibin_Bas:
Na gode da amsar da aka ba ni a sama. Game da fitila fa? Ina ganin ana sa musu haske ta ciki.

Injiniya_Gini:
A yi amfani da zirin LED kaɗai, domin zafinsa kaɗan ne kuma kusan ba ya fitar da hasken da ke kashe launi. Ƙwan halojin a rufaffen akwati murhu ne. Ɗan akwatin da ke rage wa zirin ƙarfin wuta shi ne mai ɗumi, a bar shi a waje, a shigo da waya kawai ta ƙaramin rami. Mafi muni daga kowace fitila shi ne hasken rana ta taga. Bayan gilashi zafi yana taruwa kamar cikin mota a rufe, kuma gam ɗin da ake haɗa jita da shi yana fara laushi idan zafi ya doshi digiri 60, ga kuma tsirkiya tana ja. A tsaya a ɗakin da safe da yamma a ga inda rana take faɗawa kafin a huda bango.

TsohonKafinta:
Ni da na haɗa irin waɗannan ban taɓa ganin shogilas na katako da ya toshe ruf da gaske ba. Ko ka sa zirin soso a bakin ƙofa da maganaɗisu biyu, iska tana bi ta hinji da jikin katakon kansa, a hankali dai. Saboda haka gardamar Hajiya da Malam MaiGyaranJita a wurina ta saurin shigar iska ce, ba ta shiga ko rashin shiga ba. Abin da nake yi shi ne in huda ramuka biyu masu faɗin santimita 2 a katakon ƙasa, in rufe su da raga ta ciki saboda ƙwari, in yi musu toshiya ta katako. Mai shi ya cire ko ya mayar gwargwadon abin da ma'auni ya nuna masa.

HajiyaMaiKida:
Baba, wannan dabara ce, amma ta dawo da mu kan abin da Malam MaiGyaranJita ya ce ba a yi, wato duba ma'auni.

MaiTsirkiyaShida:
Na gode ƙwarai, jama'a. Na fasa babba guda ɗaya, zan fara da na ɗaya daga cikin na lantarkin, tunda su ba su da laulayi kamar mai ƙoƙon, in ga yadda kusurwoyina za su fito. Na auna yau, bangon na bulo ne kuma na cikin gida, rana ba ta kai masa. Na sayi ma'aunin laima, yana cikin leda da gishiri tun da rana. Abin da ban gane ba shi ne zirin soson da Baba ya ambata na bakin ƙofa. Shi ma yana iya cutar da fentin naitiroselulos ko da bai taɓa jitar ba, ko sai sun haɗu jiki da jiki?

MaiGyaranJita:
Duk ɓarnar irin wannan da ta zo hannuna ta taɓawa ce. Amma ka shinshina zirin kafin ka manna shi, idan yana warin sabuwar taya ka nemi na ulu. Wace iri ce ta lantarkin da za ka fara da ita, kuma a wace shekara aka ƙera ta?